Yadda za ki shirya wajen cin abinci a lokacin kaka in ƙawaye za su zo

Tunda iska ta fara kaɗawa gara ki shimfiɗa babbar darduma a falo, ki ɗora ledar cin abinci mai ruwan ƙasa ko ja, farar nan tana sa waje yayi sanyi. A tsakiya ki aje ƙwarya cike da dafaffiyar gyaɗa, ƙaramar kabewa ɗaya a gefe, kada ki cika tarkace har a rasa inda za a sa faranti. Tuwon shinkafa da miyar taushe su zauna a kula, ki rufe sauran kwanuka da faifai masu kala, wallahi sun fi murfin roba kyau nesa ba kusa ba. Turaren wuta kuma ki sa tun kafin su iso, in ya haɗu da ƙamshin miya ba daɗi. Shayi mai citta da kanumfari a fulas, sai bayan an ci.