Darasi na 6: Haɗa Farantin Sola a Kan Mota Lokacin Hazo

Direban da ke kwana a motarsa a hanyar Zariya zuwa Funtuwa, da mai motar sayar da kaya a Sabon Gari, duk sun san daɗin farantin sola a rufin mota: ga fanka, ga fitila, ga cajin waya, ba sai an ta da inji ba. To amma da Disamba ta kama, hazo ya rufe gari, sai ka ji ana cewa sola ta mutu. Ba ta mutu ba. Wani lokaci haɗin wayar ne bai dace da kwantirola ba, wato na'urar da ke tsakanin faranti da batir tana daidaita caji.

Batir mai bolt 12 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta) ba ya cika sai an tura masa wuta mai kusan bolt 14. Faranti mai wat 100 kuwa yana ba da kamar bolt 18 da amfiya biyar da rabi (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana) in rana ta take.

Idan faranti biyu gare ka, kana iya haɗa jar waya da jar waya, baƙa da baƙa. Bolt zai tsaya 18, amfiya ta ninka. Wannan haɗin shi ya dace da kwantirola irin PWM, mai sauƙin kuɗi. Ko kuma ka jera su: jar wayar na farko ta shiga baƙar wayar na biyu, bolt ya hau 36. Wannan sai kwantirola irin MPPT. Ga ribarsa: da sassafe ko ranar hazo, bolt ɗin da ke fitowa yana nan sama da na batir, caji ya fara da wuri, ya daɗe kafin ya tsaya. Sai dai jeri ba ya son inuwa. Ka faka ƙarƙashin darbejiya, reshe ya rufe faranti ɗaya, to ɗayan ma ya ja baya. Ka kuma duba bayan kwantirola, an rubuta iyakar bolt ɗin da take ɗauka.

Wajen haɗawa, batir ake fara ɗaura wa kwantirola, sannan faranti. A sa fiyus a jar waya dab da batir. Kada a yi wasa da wannan, gobarar mota ba ta jira. Ni dai shawarata, a ware wa sola batirinta daban da na ta da inji.

Aikin wannan mako: gobe da safe ka shafa yatsa a kan farantinka, ka ga jar ƙurar da za ta biyo shi. Goge da tsumma mai laushi da ruwa, ka rubuta amfiyar da kwantirola ta nuna kafin gogewa da bayanta, ka zo da ita aji.