Yadda Ake Ajiye Aiki Cikin Mutunci

Da farko duba takardar ɗaukarka aiki, ka ga wa'adin sanarwa. In ba a rubuta ba, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi mako 1 ga wanda ya haura wata 3, mako 2 daga shekara 2, wata 1 daga shekara 5.

Sai ka sami maigidanka shi kaɗai, bayan azahar in ofis ya lafa: "Ranka ya daɗe, na zo sallama." Kada ya tsinci labarin a bakin wani, don a Sakkwato magana ba ta kwana. Saƙon WhatsApp kuwa raini ne.

Sannan miƙa takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu.

Ranar ƙarshe miƙa makullai da fayiloli, ka nuna wa magajinka inda ka tsaya, ka nemi gafarar abokan aiki.