Yadda za ka auna ƙwarewarka a harsunan da kake koyo

Masu koyon harsuna da yawa sun sha tambayar yadda za su san inda suka kai. Ga matakan:

1. Ɗauki harshe ɗaya tak. Kada ka gwada biyu rana guda, balle masu kama da juna irin Sifaniyanci da Italiyanci. Kalmominsu kan cakuɗe.
2. Raba takarda gida huɗu: ji, magana, karatu, rubutu.
3. Saurari labaran rediyo na minti 3, sau ɗaya kawai, ka rubuta abin da ka fahimta.
4. Naɗi muryarka kana bayani na minti 2 kan batun da ba ka shirya ba.

Hattara: nan aka fi yaudarar kai. Gaisuwa da gabatar da kai hadda ce, ba sa cikin lissafi.

5. Saurari naɗin, ka ƙirga wuraren da ka yi turus kana laluben kalma.
6. Karanta shafin jarida, ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka gagare ka.
7. Rubuta sakin layi ba ƙamus, ɗan harshen ya gyara. Ce masa kada ya yi maka kara.
8. Ba wa kowane gida na takardar matakinsa daban a ma'aunin Turai na ƙwarewar harshe, daga A1 (ɗan koyo) zuwa C2 (gwani). Karatu yakan riga magana nisa.
9. Maimaita bayan wata 3 da sabon batu.