Shawara ga masu sa motsi a shafukan intanet da Animate.css

Salamu alaikum 'yan uwa masu haɗa shafuka a nan Sakkwato. Na lura da yawanmu mun rungumi Animate.css, wato tarin motsi da aka riga aka shirya don sawa a shafi, wanda Daniel Eden ya ƙirƙira, kuma ba laifi, yana rage wahala sosai.

Tun daga siga ta 4 sunayen da ake rubutawa don kiran motsin sun canza, sai an sa animate__ a gaba. Wato ka rubuta animate__animated tare da animate__fadeInUp. In ka kwafo tsohon misali ka ga ba abin da ya motsa, nan matsalar take.

Amma abin da na fi son mu kula da shi: yawancin masu buɗe shafukanmu da ƙananan wayoyi suke, ga data da tsada, ga sabis da ke zuwa yana ɗaukewa. Kada ka loda wa mai sayar da takalman fata ko atamfa shafin da kowane hoto ke tsalle. Mutum farashi yake nema, ba kallo ba. Motsi ɗaya a kan babban take ko maɓallin oda ya wadatar. Tsawonsa na asali daƙiƙa ɗaya ne. Ni ina ganin ya yi yawa ga maɓalli, sai in ƙara animate__faster, ya koma rabi.

Shi kuwa animate__infinite, mai sa motsi ya yi ta maimaituwa ba tsayawa, don Allah a guje shi.

Kuma wanda ya rage motsi a saitin wayarsa, Animate.css yana mutunta hakan da kansa, kada ka soke.