Yadda za ka zaɓi unguwa mai tsaro in za ka koma Legas

Ana ta min tambayar nan, to ga shi:

1. Fara sauka wurin ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba, ko sati biyu ne.
2. Je unguwar da kake so da rana.
3. Sake komawa bayan isha'i, lokacin ne take nuna halinta.
4. Zauna wurin mai shayi ka ja shi da hira, wallahi su suka san layin da ake ƙwacen waya.
5. Duba ko layin na da get da masu gadi.
6. Kalli bangon gidaje, in ka ga shatin ruwa to da damina sai iyo, musamman wajen Lekki.

Hattara: kar ka ba ejan ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido, nan ake cin baƙi.

7. Biya, ka karɓi rasit.