Yadda za ka koya wa 'yan sakandare magana a gaban jama'a, har da masu kunyar nan na bayan aji

Akwai wata yarinya da na taɓa koyarwa, tana zama a benci na biyu daga baya kusa da taga, in ka karɓi littafinta rubutu ne tsaf kamar an buga da inji, amsa kuma da wuya ta kuskure. Rannan na ce ta taso ta karanta wa aji abin da ta rubuta, layi shida ne kacal. Ta taso ta riƙe takardar da hannu biyu, takardar na kaɗawa har ina jin ƙararta daga inda nake tsaye, ta buɗe baki amma ba abin da ya fito, sai wani daga gefe ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, shikenan ta koma ta kifa kai a benci. Har zangon ya ƙare ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba. Abin nan ya daɗe yana cina a rai, domin ni na jefa ta tsakiyar kogi alhali ban koya mata iyo a bakin gaɓa ba.

Tun daga nan na canza salo, kuma shi nake so in raba da 'yan uwana malamai. Abin da aka saba yi shi ne a zaɓi yara huɗu ko biyar ɗin nan masu baki, waɗanda dama can ba sa jin tsoron kowa, a yi ta horar da su don dibet ko jawabin ranar yaye ɗalibai, sauran ajin kuma aikinsu tafi. Toh waɗannan biyar ɗin ko ba kai za su yi magana. Aikinka yana wurin sauran, kuma abin da ke cire musu tsoro ba babban taro ɗaya ba ne a shekara, ƙananan tsayuwa ne masu yawa, sakan 30 yau, minti 1 jibi, har jiki ya saba.

Kafin komai ka kafa doka a kan dariya. Wallahi ba wasa nake ba, wannan shi ne tushe. Yaro ɗan shekara 15 ko 16 ba tsoron ka yake ji ba malam, tsoron abin da abokansa za su riƙa tsokanarsa da shi bayan an tashi yake ji, a laƙaba masa suna saboda kalma ɗaya da ya furta ba daidai ba ya bi shi har ya gama makaranta. Don haka ranar farko ku zauna da ajin ku yi yarjejeniya, su da bakinsu su faɗi abin da ba sa so a yi musu in suna tsaye, a rubuta a allo. In wani ya karya kar ka wuce kamar ba ka ji ba, ka tsaya nan take ka yi magana cikin natsuwa. Kai ma ka kiyaye, kar ka gyara wa yaro kuskuren nahawu yana tsakiyar magana, ka bari ya kai ƙarshe.

Sai ka fara daga ƙasa sosai. Satin farko babu wanda zai fito gaban allo. Kowa ya juya ga na kusa da shi, suna zaune, ɗaya ya yi magana sakan 30 ɗayan ya saurara, sai su yi musanya. Ajin zai cika da hayaniya, ka ƙyale, hayaniyar ita ce rufin asirinsu don babu wanda yake jin kuskuren wani. Sati na biyu a koma rukunin mutum huɗu, mai magana ya miƙe tsaye sauran ukun na zaune. Sati na uku yaro ya miƙe a inda yake zaune ya yi wa ajin duka magana, hannunsa na dafe da bencinsa in yana so. Sai a sati na huɗu ko na biyar ne za a fara fitowa gaba, kuma ko nan su fara fitowa bibbiyu. Minti 10 a farkon firiyod ya isa, ba sai an ware darasi guda ba, muhimmin abu dai kowane yaro ya buɗe baki a kowane sati.

Batun da za su yi magana a kai kuma ya zama abin da suka fi ka sani. Kar ka fara da "illar ɗumamar yanayi" ko "muhimmancin ilimi", nan take za su koma hadda da maganganun da ba nasu ba. Ka ce kowa ya koya mana abu ɗaya da ya iya, ko ya ba mu labarin ranar da ya taɓa ɓata, ko ya gaya mana wata doka ta makaranta da zai canza da shi ne firinsifal da dalilinsa. Yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu a kan darasi, ka tambaye shi me ya sa kulob ɗinsa ya sha kashi, za ka ga hujja na bin hujja har da hannu yana nunawa. Ai kaga iyawar tana nan, wuri kawai take nema.

Wani abu da na ga yana taimakawa ƙwarai shi ne ka yi musu bayanin abin da ke faruwa a jikinsu. Yawancinsu sun ɗauka su kaɗai ne zuciyarsu ke dukan uku-uku, sun ɗauka wata nakasa ce. Ka gaya musu cewa in mutum ya ji tsoro, wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin cikin jini, shi ke sa zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya jiƙe, yawu ya ƙafe, gwiwa ta riƙa rawa. Jiki ne yake shirin gudu ko faɗa don ya ɗauka akwai haɗari. Da sun ji haka sai ka ga fuskoki sun saki. Daga nan ka koya musu maganinsa na kusa: a ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, a sake shi ta baki a hankali fiye da yadda aka ja shi, sau uku ko huɗu, domin dogon fitar da numfashi yana rage gudun zuciya. A kafa ƙafa biyu a ƙasa daram, a ɗan ware su. Ku yi tare da su duk ajin a tsaye kafin kowa ya fara, kar ya zama mai tsoro kaɗai ke yi ana kallonsa.

Yanzu tsarin maganar kanta. Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowane yaro kafin ya tashi: in mun manta komai, wane abu ɗaya kake so mu tafi da shi? In bai iya faɗa a jimla ɗaya ba toh bai shirya ba tukuna. In ya samu jimlar, sai ya nemo mata dalili biyu ko uku, kowane dalili da misalinsa na zahiri, sai ya san da me zai buɗe da me zai rufe. Shikenan. Yara suna ɗauka tsawon magana shi ne iya magana, nan nake ba su labarin abin da ya faru a taron buɗe maƙabartar sojoji a garin Gettysburg na Amurka ranar 19 ga Nuwamba 1863. Babban mai jawabin ranar, Edward Everett, ya yi kusan awa biyu yana magana, shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya tashi bayansa ya yi wajen minti biyu, kalmominsa ba su kai 300 ba, kuma yau na Lincoln ɗin ake haddacewa a makarantu.

Maganar hadda kuma, dan Allah ka raba su da ita. Na san abin da suka saba ke nan kuma suna jin kamar ita ce kariya, amma mai hadda in kalma ɗaya ta ɓace masa duk ginin ya rushe, sai ka gan shi ya ɗaga kai yana kallon silin yana maimaita jimlar baya. Karantawa daga takarda ma haka, kai a sunkuye murya na tafiya ƙasa. Abin da nake yi, kowa ya yanki ɗan kati da bai wuce tafin hannu ba, ya rubuta kalma biyar zuwa bakwai, kowace kalma tana tuna masa gaɓa ɗaya. Jimlar farko da ta ƙarshe kaɗai na yarda a haddace, don farawa ita ce mai wuya, in aka wuce sakan 20 na farko jiki kan ɗan lafa. Kuma a gwada da baki a bayyane aƙalla sau uku kafin ranar, ba a zuci ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun zamanin Girkawan da ake ba da labarin Demostenis, mashahurin mai jawabin Atina, wai yakan sa tsakuwoyi a baki yana gwada magana don ya gyara furucinsa. Ba cewa na yi a sa wa yara tsakuwa ba, amma su ji cewa gwanayen ma da gwaji suka kai.

Murya, ido, hannu, waɗannan kar ka haɗa su rana ɗaya, yaro zai rikice. Sati guda murya kawai, ka koma can ƙarshen aji ka tsaya ka ce da ni kake magana, in ban ji ba zan ɗaga hannu. Wani satin ido, ya zaɓi mutum uku, ɗaya a dama ɗaya a tsakiya ɗaya a hagu, ya gama jimla guda yana kallon ɗaya kafin ya koma kan na gaba. Wanda kallon ido ya yi masa nauyi ya kalli goshi, daga nesa ba a bambancewa. Hannu kuma a bar shi ya yi abin da yake yi in ana hira, a dai fitar da shi daga aljihu, a ajiye biro don kar a yi ta murza shi.

Abin da ya fi wuyar koyarwa a wurina shi ne shiru. Yaro yana jin shirun sakan biyu kamar shekara, sai ya cike gurbin da "eh", "am", "wato", "kaman dai". Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya a 1924 don koyon magana a gaban jama'a, suna da wasu dabaru da na ara kuma sun yi mini aiki. A taronsu akwai wanda aikinsa kawai ƙirga irin waɗannan kalmomin cike gurbi, akwai mai kula da lokaci da ke nuna kore da rawaya da ja, akwai kuma wani sashe da ake jefa wa mutum tambaya ba shiri ya yi magana minti 1 zuwa 2. Duk ukun za ka iya yi a aji da takardu masu launi uku da agogon waya. Amma ƙirgar nan kar ka fara ta sai yara sun saki jiki, wajen tsakiyar zango, kuma a rubuta wa mai maganar adadinsa a 'yar takarda a miƙa masa shi kaɗai, ba a shelanta ba. Daɗin abin, masu kunya su ne suka fi son aikin riƙe lokaci da ƙirga, kuma a ƙarshe dole masu riƙe lokacin su miƙe su ba da rahoto, kaga sun yi magana ba su ma lura ba.

In yaro ya gama, gyara ya zama abu biyu da ya yi daidai da abu ɗaya tak da zai gyara. Kuma a faɗi takamaimai, "ka yi ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai, amma "lokacin da ka tsaya shiru bayan tambayar nan kowa ya ɗago kai" wannan zai riƙe ta. Ɗaukar bidiyo ma yana da amfani sosai don mutum ya ga yadda yake lilo ko yake taɓa hanci, sai dai da sharaɗi: da izinin yaron da na iyayensa da na makaranta, shi kaɗai zai kalla ko ku biyu, a goge a gabansa. Bidiyo ɗaya ya fita zuwa WhatsApp na ajin, aikin wata shida ya lalace.

Ke malama, kai malam, ku lura da yara iri biyu. Na farko mai in'ina, kar a ƙarasa masa kalma, kar a ce masa "yi a hankali", a jira shi kawai da fuska a sake, a kuma tambaye shi a keɓe ko ya fi son ya fara ko a sa shi tsakiya, don jiran layi yana ƙara wa wasu fargaba. Na biyu wanda yaren da ake koyarwa da shi ba shi yake yi a gida ba, wannan kaya biyu ya ɗauka, tsoron mutane da tsoron yare. Ka bar shi ya fara yin jawabin da yaren da ya fi iyawa, in tsayuwar ta zauna sai a sake yin wannan jawabin dai da yaren makaranta.

Dibet sai daga baya, in kowa ya riga ya tsaya sau da yawa. A gasar dibet ta makarantun duniya mutum uku ne a kowane ɓangare kuma kowa minti 8 yake yi, wannan ya yi wa mai koyo yawa, ku fara da minti 2. A nan ne zan kawo musu abubuwa ukun da Aristotil, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ce da su ake shawo kan mai sauraro: ya yarda da kai, ka taɓa zuciyarsa, ka ba shi hujja. Sai in kunna musu jawabi su nemo ukun da kansu. Wanda na fi amfani da shi shi ne na Malala Yousafzai a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 12 ga Yuli 2013, ranar da ta cika shekara 16, don sa'arsu ce, kuma in sun lura za su ga ba sauri take yi ba, tana tsayawa tana barin magana ta sauka. Ka kuma riƙa sa su kare ɓangaren da ba su yarda da shi ba, nan ne ake koyon sauraro.

Maki kuwa, a zangon farko ni ba na ba da maki a kan kyawun magana, na tashi ka yi ne kawai, wanda ya miƙe ya kai ƙarshen sakan 30 ɗinsa ya samu cikakke. Ina da ɗan littafi da nake sa alama gaban sunan duk wanda ya yi magana a satin, ranar Alhamis sai in duba in ga sunayen da babu alama, in same su ɗaya-ɗaya kafin a tashi in gaya wa kowa tambayar da zan yi masa gobe, don ya kwana da ita ya zo da amsarsa a shirye.