Rufi ba gona ba ne: kurakuran masu shuka a saman ɗaki

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a ƙauyukan Kano ko Jigawa ya san aikin da ake sa samari da zarar damina ta kankama: a hau soro a tuge ciyawar da ta tsiro, a share indararo, a toshe tsaga. Magabata sun san cewa in saiwa da ruwa suka haɗu a kan rufi, azara ce za ta ji a jikinta. Yanzu ga hotunan gidajen Jamus suna yawo a waya, rufinsu kore shar, ana cewa ɗakin da ke ƙasa ya fi sanyi. Haka ne kuwa, domin ƙasa da ganye suna tare rana kafin ta gasa kankare. Sai dai masu kwaikwayo a wajenmu tsiron kawai suke gani, ba sa ganin abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa.

Bari in fara sallamar masu soron ƙasa da masu kwano. Wannan aiki ba naku ba ne. Makuba da laso an yi su ne don ruwa ya zame ya bi indararo, ba don ya kwana a kai ba, kwano kuwa ko mutum ɗaya da ƙyar yake ɗauka. Maganar ta masu rufin kankare ce, wanda magina ke kira dekin.

Babban kuskuren shi ne a tura amalanke gona ko fadama a ɗebo ƙasa a jibge a sama. Ƙasar gona in ta sha ruwa, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi takan kai kilo 1,800. A ɗauki ɗaki mai mita 4 ta kowane gefe, a zuba masa ƙasa mai kaurin santimita 15: nauyin ya wuce kilo 4,000, kamar a ɗora buhun siminti sama da 80 a bar su can rani da damina. Wa zai yarda 'ya'yansa su kwana a ƙarƙashin wannan, alhali bai san yawan rodin da magini ya sa ba? A kira injiniya ya duba tukuna, kuma a yi lissafi da jiƙaƙƙiyar ƙasa irin ta watan Agusta, ba busasshiya ba.

Ko da rufin zai ɗauka, ƙasar ba ta dace ba. Lakar fadama irin ta kwarin Haɗeja tana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, rana ta buɗe kuma ta daskare kamar tubali, ta tsattsage. Rairayin jigawa shi kuma ruwa zai wanke shi ya cusa a bakin bututu. Ga irin ciyawa da ke zuwa a ciki: aya-aya, ƙiri-ƙiri, da tofa mai saiwa kamar tsinke, wadda huda leda ba komai ba ne a wajenta.

Ƙasar rufi haɗa ta ake yi, ba haƙo ta ake ba. A Turai mafi yawanta burbushin dutse ne marar nauyi mai ƙananan ramuka, ko yumɓun da aka gasa ya kumbura, ko dakakken jan bulo, taki kuwa ɗan kaɗan. Mu ma muna da madadinsu a kusa. Fasasshen jan bulo da tsingaron tukwane, a daka su zuwa girman gyaɗa, a tankaɗe garin a zubar. Buntun shinkafa, wanda ke jibge a bayan injinan casa na Kura da Bunkure da Haɗeja. Gawayi da yashi mai tsakuwa. Ni haɗin da nake yi, cikin kwano goma: biyar na bulo, biyu na buntun da aka babbaka, ɗaya na yashi, biyu na ruɓaɓɓen taki. In ka jiƙa ka damƙa a hannu ka saki, ya kamata ya wargaje. In ya dunƙule kamar fura, laka ta yi yawa.

A kan buntu na taɓa yin ɓarna da hannuna. Ɗanye na zuba, ruwan farko ya taso da shi sama, iska ta kwashe rabi zuwa tsakar gidan maƙwabta, alayyahon da ya rage kuma ya yi rawaya, saboda ɗanyen buntu yana cinye abincin shuka yayin da yake ruɓewa. Babbaka shi ake yi a hankali har ya yi baƙi, a kashe wutar kafin ya zama toka. Shi da gawayi a cuɗe su da taki, a yayyafa ruwa, a bar su mako biyu kafin a hau da su.

Manomi yana son taki, shi ya sa hannu ke zarcewa. Taki in ya yi yawa yakan ruɓe ya zaizaye, kaurin ƙasar ya ragu, sannan ya kira gara. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone saiwa yake yi a ƙasa marar zurfi.

Sai abin da ido ba ya gani. Kankare yana shan ruwa, don haka dole a fara da shimfiɗar hana yoyo. Kwalta kaɗai ba ta isa ba, saiwa na ratsa ta, sai an ɗora leda mai kauri a kai, a naɗo ta har jikin bangon gefe. Kafin a zuba komai, a toshe magudanai a tara ruwa a rufin kwana biyu, a shiga ɗaki a duba ko akwai damshi. Mutane da yawa suna tsallake wannan gwaji don gaggawa, daga baya su dawo suna kwashe ƙasa da kwando a tsakiyar damina. A kan ledar a shimfiɗa manyan gutsattsarin bulo inda ruwa zai bi, a rufe da saƙaƙƙen buhu don kada gari ya gangara, sannan haɗin ƙasa. Bakin kowane bututu a bar shi fili, a kewaye da tsakuwa.

Wajen zaɓen shuka, zogale da gwanda su tsaya a tsakar gida. Santimita 15 ta ishi salak, alayyaho, lansir da na'a-na'a. Tumatir da attaruhu suna son kusan ninkin haka, a sa su a buhu ko roba, a jera ta saman bango inda ƙarfin ginin yake, ba tsakiyar ɗaki ba. A riƙa lura da 'ya'yan ceɗiya da durumi da darbejiya waɗanda tsuntsaye ke yarwa, a tuge su tun suna ganye biyu.

Wanda ya fara a damina yakan manta da bazara. A Afrilu zafi yana kai digiri 40, kuma rufi ya fi ƙasa zafi da iska. Ko lita 5 kacal ka ba kowace mita a rana, ɗakin nan namu mai mita 4 ta kowane gefe zai sha lita 80, fiye da jarka uku, a hau da su tsani kullum. In ba tanki a kusa, a rage faɗin shukar, a lulluɓe ƙasar da karan gero, a kafa zana ta gefen da iskar hunturu ke bugowa. Zanar tana da wani amfanin ma: daga saman ɗaki ana hango tsakar gidan maƙwabci, kuma ba kowane malam ne zai jure a riƙa hango iyalinsa safe da yamma da sunan ban ruwa ba.